Yaya Visi da Baƙuwa Mai Rufe Ƙofa

Ranar da Yaya Visi ta aike ni tasha in ɗauko mata ɗalibarta ta bana, kwatance ɗaya ta ba ni: doguwa ce, fara sol. Motar Madrid na tsayawa na hango wata haka. Na tafi da fara'ata, na sumbace ta kunci dama kunci hagu yadda ake gaisuwa, na sunkuci akwatinta na yi gaba. Ban yi nisa ba wani ƙato ya damƙi wuyan rigata. Mijinta ne. Da rantsuwa da nunin hannu na ƙwaci kaina da ƙyar. Ina juyowa sai ga wata doguwar a bayana, ashe ta ga komai tun daga farko. Ta miƙo mini hannu daga nesa, iya tsawonsa.

"Sunana Torunn, daga Norway," in ji ta.

Ban ga laifinta ba.

Visitación ne sunan yayata, amma likita kaɗai ke kiranta haka. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau, da furfurata da komai, sai ta gyara mini wuyan riga kafin in fita. A kicin ɗin wata makarantar firamare ta unguwarmu a nan Granada ta yi aiki har ƙarfinta ya ƙare, shi ya sa hannunta bai san yadda ake auna abincin mutum ɗaya ba. Da mijinta Anselmo ya rasu, ga shi ba su haihu ba, sai ta ci gaba da cika tukunya tana bin maƙwabta da kwano, har suka fara ɓuya in sun ji takunta. Daga nan ta kai sunanta jami'a, aka riƙa turo mata ɗaliban waje masu zuwa koyon Sifaniyanci. Kowa ya yi zangonsa ɗaya, ya koma gida da kumatu.

A gidan Visi baƙo ba ya aiki, ko cokali ba zai ɗauraye ba. In an gama abincin rana kuma ba a tashi. A ture faranti gefe, a kawo kofi, a buɗe musu a kan ƙwallo ko kan auren wance, har rana ta karkata. Ƙofar ɗaki kuwa da rana ba a rufe ta, sai mara lafiya ko mai fushi.

Torunn ba ta san ko ɗaya ba. Za ta cinye abincinta tsaf, ta yi godiya kamar a ofis, ta miƙe da farantinta za ta wanke. Visi ta ƙwace. Yarinya ta tsaya hannu rabbana, sannan ta shige ɗaki ta ja ƙofa a hankali. Wannan ɗan ƙarar ƙofar, ƙit, kullum a ƙirjin yayata yake sauka.

"Me na yi mata, Eusebio?" ta tambaye ni ran nan da na je cin abinci, don ni kullum a can nake ci. "Gishiri ne ya yi yawa?"

"Yaya, ƙasarsu sanyi ne. In mutum ya buɗe baki haƙoransa ke daskarewa."

"Rufe mini baki, sakarai. Da gaske nake."

Da gasken take. Ta canza miya, ta canza barguna, ta sa furanni a ɗakin. Duk abin da ta ƙara, yarinya sai ta ƙara godiya ta ƙara nisa. Wata rana na tarar da Visi zaune ita kaɗai a teburi, kofi biyu a gabanta, ɗaya ba a taɓa ba.

"Na tsufa ke nan," ta ce. "Da can sati biyu ya ishe ni in sa yaro ya saki jiki. In wannan ta tafi yadda ta zo, na daina karɓa."

Na yi dariya a fili, amma tsoro ya kama ni. Na san yadda gidan nan yake in babu baƙo. Na gan shi bayan rasuwar Anselmo, ba na son in sake ganinsa.

Ƙarshen Oktoba ya zo, lokacin da kowa ke zuwa wanke kabarin nasa kafin ranar tuna matattu. Maƙabartarmu a jikin bango ake ajiye mutane, hawa kan hawa, kowa da allon dutsensa. Anselmo, mutumin da a rayuwarsa bai taɓa taka kujera ya canza ƙwan lantarki ba, shi ya samu hawa na biyar. Duk shekara Visi ke hawa tsani da kanta ta wanke allon, ni ina riƙe mata daga ƙasa ina ba da shawara. Bana ta gayyaci Torunn, don dai ta ga al'ada, amma ko bokiti ta hana ta ɗauka.

Wurin ya cika da mata da soso da furanni, ana ta hira daga tsani zuwa tsani. Visi ta taka mataki na farko, ta taka na biyu, gwiwa ta ƙi. Ta sauko. Ta sake gwadawa, ta sake saukowa. Ta dube ni. Na dubi tsanin, na dubi tumbina, mu duka biyun muka san amsar. Ta tsaya da soso a hannu yana ɗiga, tana kallon allon can sama.

Torunn ba ta nemi izini ba. Ta zare soson daga hannunta, ta rataya bokiti a damtse, ta haye.

"A'a, 'yar nan, ke baƙuwa ce," Visi ta fara. Sai idonta ya kai kan aikin. "Ke! Ba haka ba! Daga sama ake farawa, so kike ruwan datti ya gangaro kan sunansa? Kusurwar hagu fa? Makauniya ce ke? Murza da ƙarfi, ba jariri kike wa wanka ba!"

Na ce shi ke nan, yau yarinya za ta haɗa kayanta. Sai na ji wani abu daga sama wanda ban taɓa ji ba. Dariya take, har tsani na rawa a hannuna.

"Ina murzawa, Mama Visi!" ta ce da Sifaniyancinta mai ɗingishi. "Ke ce ba ki gani daga can, gajeriya!"

Matan tsanin kusa suka kwashe da dariya. Visi ta riƙe ƙugu. "Ka ji ta, Anselmo? Ka ji rashin kunya? To, ita ce 'yarmu ta bana. Tana da tsawo, hankali ne dai sai a hankali."

A hanyar komawa muka sayi gasasshen dankali mai zaƙi, muna tafe muna ƙona baki. Nan Torunn ta faɗa mana cewa a gidansu wanda ake hana wa aiki shi ne bare, kuma rufe ƙofa take don kada ta takura wa mai gida.

"Takura?" in ji Visi. "Ni da nake neman mai takura mini ido rufe?"

Daga ranar Torunn ke wanke faranti, Visi na tsaye a kanta tana kushe wankin. Ta koyi zama bayan abinci, ta koyi katse mutum ana cikin magana, har ta koyi ce mini malalaci, kuma da lafazi mai kyau.

Kafin Kirsimeti zangonta ya ƙare. Visi ta cusa mata cuku da man zaitun a akwati har ya ƙi rufuwa, sai da na zauna a kai. A tasha suka rungume juna, direba ya yi ta danna oda. Da muka dawo gida Visi ta wuce ɗakin yarinyar, ta zauna a bakin gado tana shafa matashi. Na tsaya a ƙofa, tsoro ya dawo mini, sai na rufe shi da tsokana.

"To, Yaya, an yi ritaya ke nan? Sai ki huta, ki riƙa dafa mini ni kaɗai."

Ta goge ido da bakin riga, ta watso mini harara.

"In zauna ina kallon fuskarka? Tun kana cikin tsumma nake ciyar da kai, ko kofi ba ka taɓa ɗauraye mini ba. Yarinya ta taso daga ƙarshen duniya ta wanke mini kabarin miji kana ƙasa kana riƙe ciki. Zo ka kama mini zanen gadon nan, wata na zuwa a Janairu."