Goggo Tabawa da Yaƙin Fumfuna

Duk wanda ya san Goggo Tabawa ta Kiyako ya san ba ta amsa gaisuwa sai hancinta ya gama aiki. Kana durƙusawa za ta kamo bakin rigarka ta shinshina.

"Ina kwana, Goggo?"

"Lafiya lau. Amma rigar nan da danshinta aka ninke ta. Cire!"

Wallahi har mai unguwa bai tsira ba!

Ni 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi, don haka na fi kowa shan wuyar damina. Da ruwa ya zauna, sai ta fito da tsofaffin zannuwanta daga adaka tana farautar fumfuna. Maganinta ɗaya ne: a kakkaɓe a waje, a matsa lemon tsami a kan tabon, a barbaɗa gishiri, a bar wa rana sauran. Ranar da na sayo mata ruwan bilic daga kasuwar Birnin Kudu, ko taɓa kwalbar ba ta yi ba.

"Wannan ai ba shi da kunya," in ji ta. "Da tabon da zaren duk ci yake."

Ga tsimi! Ɓawon lemon da ta gama goge zane da shi ba ya zuwa bola, cikin shayinmu yake faɗawa.

"Haba Goggo, da shi fa kika goge zanen gado!"

"To, ya cire baƙin zane, cikinki ne zai gagare shi? Sha!"

Kun tuna akuyar Malam Sale, maƙwabcinmu? Goggo ta cika farin mayafin aurenta da gishiri, ta shimfiɗa a kan ciyawa, ta shiga sallar azahar. Kafin ta sallame, akuya ta ji gishiri, ta cinye wajen tabon tas. Malam Sale ya zo ba da haƙuri. Goggo ta ɗaga mayafin, ta leƙo shi ta cikin hujin, ta ce, "Malam, akuyar nan taka ta fi ni iya aiki. Gobe ma ka turo ta, akwai saura."

Amma babbar dirama ita ce ta likkafani. Ashe ta daɗe da sayen nata ta ɓoye a adaka. Wata safiya ta buɗe ta tarar ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Nan take ta baza shi a tsakar gida, ta tsuguna tana sharar ƙwalla. Wata maƙwabciya ta leƙo ta gani, ta fita da salati. Kan ka ce me, gida ya cika da mata.

"Innalillahi! Goggo, wa muka rasa?"

"Ba ku rasa kowa ba, nawa ne! Haka zan je gaban Ubangijina da fumfuna? Mai kuka ta share hawaye ta kama matsar lemo!"

Haka 'yan ta'aziyya suka wuni suna wanki.

Ranar da ta cika, ni na buɗe adakar. Na sami likkafanin a ninke, fari fat, na rungume na kasa tashi.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya wanke ta daga kurakuranta kamar yadda ake wanke farin tufa, Ya haskaka makwancinta. Amin.