Rifkatu da Lasifikar Baba Mode

Duk Goronyo in ana neman gwanar barci, a zo layinmu a tambayi Rifkatu mai suyar kifi. 'Yar Zuru ce, Kirista, aure ya kawo ta, katanga ɗaya ta raba gidansu da na mahaifina, Baba Mode ladan. Matar nan ko ganga ake kaɗa mata a ka, sai dai ta gyara kwanciya.

To, uwarta tana ciwon ajali ta riƙe hannunta ta ce, "Kada rana ta fito ba ki durƙusa gaban Ubangiji ba." Rifkatu ta ɗauki alkawari. Kai, alkawarin nan ya ba ta wuya! In ta sa ƙararrawar waya, cikin barci take kashe ta. Sai rana ta take ta zabura, ta ruga bakin dam kada masunta su watse, addu'a kuwa sai gobe. Na sha tarar da ita gaban kasko tana hawaye, wai ta ci amanar uwarta.

Rannan sai ga ta a zaurenmu.

"Baba, alfarma nika nema."

"Ta mi, ɗiyata?"

"A juyo lasifikar masallaci ta kalli tagata."

Ni dariya har da riƙe ciki. Baba ko murmushi bai yi ba, ya sa aka hau aka juya ta.

Ai kuwa da asuba har faɗowa ta yi daga gado! Tun daga nan, muna alwala muna jiyo ta ta katanga tana kiran sunan Yesu, tana jero 'ya'yanta da masunta, har da ni mai tsokanarta. Aka cire albasa, damina ta zo ta wuce, ba fashi. Ni dai ban fasa ce mata addu'ar aro take yi ba: "Ran da lasifika tal lalace, mu gani!"

Bana ruwa ya yi ambaliya, ya shiga masallaci ya kashe na'urar lasifika. Baba ya wuni yana kwashe tabarmi, zazzaɓi ya kayar da shi. Rifkatu ta shige gida jiki a sanyaye.

Da asuba sai muka ji ana dukan ƙyaure kamar za a ɓalla shi.

"Baba, lokaci ya yi! Ni har na ƙare addu'ata, ban ji kira ba!"

Na buɗe ina mutsuke ido. Sai Rifkatu ta tsaya cak, ta dafe ƙirji.

"Hafiza, to ni wa yat tashe ni?"

Ta rangaɗa guɗa, ta rungume ni tana kuka tana kiran uwarta. Wallahi ni ma sai da na yi ƙwalla.

Baba ya tura yayana Lukman ya kira salla, sannan ya ɗaga murya daga shimfiɗa: "In an gyara lasifika, a juya ta ɗakin Hafiza."