Abin da Iyafis Ya Ɓoye a Kunnen Nuwaira

Wata rana, a shekarar nan da aka rufe makarantu karatu ya koma cikin waya, wata mai ɗinki a Zariya, Uwani, ta ce ita kam ta huta.

Da can kullum safiya sai ta yi wa 'yarta Nuwaira wanka da kanta, duk da shekarunta takwas. Ta cuɗe bayan kunne, ta duba haƙora da farce, ta gyara mata hijabi, su sha koko tare.

Da aka daina fita, sai duk wannan ya tafi. Wa zai gan ta? Yarinya ta watsa ruwa da kanta, ko ma ta bari sai azahar.

Uwani ta saya mata iyafis, abin sauraron nan da ake cusawa a kunne, saboda ƙarar keken ɗinki, ta zaunar da ita a ɗaki, ta kafa doka ɗaya: kada ta kuskura ta cire shi sai malama ta sallame su.

Nuwaira kuwa akwai jin magana.

Uwani takan ƙwala mata kira daga tsakar gida, shiru. Sai ta yi murmushi, har ta juya tana yi wa masu kawo ɗinki alfahari, wai 'yarta idan ta duƙufa karatu ko gini ya faɗo ba ta sani ba.

Kai, jama'a! Alfahari fa take yi.

A mako na bakwai malamar ajin ta kira Uwani. Ta ce kullum sunan Nuwaira yana kan allon waya, amma ta fi wata tana tambayarta ba ta amsawa.

Ran Uwani ya ɓaci. Ta tashi da zaren ɗinki a wuya ta faɗa ɗakin. Yarinya na zaune ta ba ƙofa baya. Ta kira sunanta sau uku, ko motsi.

Ta fizge iyafis ɗin.

Wari ne ya fara dukanta. Robar ta jiƙe da mugunya, wata ta bushe a wuyan hijabi.

"Nuwaira! Tun yaushe kunnenki ke haka?"

Yarinyar ta ƙura wa bakin uwarta ido, tana karanta leɓenta.

"Tun da na yi zazzaɓi kwanakin baya, Umma. Kin ce kar in cire. Kuma na ga kina da aiki."

Uwani ta zauna daɓas a ƙasa.

A asibiti likita ya ce an makara. Kunnen hagu zai warke, na dama kuwa ya tafi ke nan. Da an kawo ta a makon farko, maganin kwana biyar ya isa.

Kwana biyar.

Ita da yarinyar gida ɗaya, tsakaninsu labule ne kawai.

An koma makaranta tuntuni. Nuwaira ta girma, tana wasa, tana dariya, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗora wa uwarta laifi ba. Wallahi da ma ta ɗora mata, da ya fi sauƙi.

Amma duk lokacin da Uwani ta buɗe baki, sai yarinyar ta ɗan karkato kai, ta miƙo kunnen hagu. Ba ta ma san tana yi ba.

Uwani ta sani. Tana gani sau ɗari a rana, har yau kuma ba ta saba ba.

Darasi:

Wankan safe, karin kumallo tare, gyaran hijabi, ba don idon mutanen waje ake yin su ba. A nan ne hannunki ke taɓa ɗanki, idonki ya ga abin da bakinsa ba zai faɗa ba. Ko a gida yake karatu, a tashe shi kan lokaci, a ci abinci da shi, a dube shi da kyau. Yaron da ya yi shiru, a je a ga dalili.

Don Allah ku tura wa iyayen da kuka sani, musamman waɗanda aiki ya sha kansu. Wataƙila akwai wani yaro a bayan labule da ya yi shiru don kada ya dame su.