Ƙwaryar Jibi ta Tudun Gawo

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Ajingi zuwa Gaya a shekarun farko na mulkin kai ya san Inuwa mai ƙwarya, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ake gamuwa da shi ranar kasuwa, ya ɗaure ƙorai a raga ya ɗora wa jaki, yana tafe yana yi wa jakin faɗa kamar ɗan cikinsa. In ka gaishe shi zai amsa da fara'a, amma ba zai miƙo maka hannu ba. Kuturta ta riga ta cinye rabin yatsunsa, kuma ya daɗe da sanin cewa hannun da ya miƙa a iska yake tsayawa.

A Tudun Gawo aka haife shi, wata 'yar unguwar Maguzawa da ke gefen hanyar. Yana saurayi, daidai lokacin da ya fara shiga gayya da manya, tabon ya fito masa a gadon baya. Ba a kore shi daga gida ba. Abin da aka yi masa ya fi kora ciwo. Uwarsa ta ɗauki wani ƙoƙo ta huda bakinsa ta ɗaura baƙin zare, ta ce daga yau wannan ne naka. A wurin gayya, idan an tashi daga noma, ƙwaryar giya ɗaya ce take zagaya maza, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. In ta zo kan Inuwa sai ta tsallake shi, a tsiyaya masa a ƙoƙonsa daga sama. Babu wanda ya taɓa zaginsa, kuma ana cika masa ƙoƙon har ya zuba. Shi dai da za a tambaye shi, da ya zaɓi kurɓi ɗaya a ƙwaryar jama'a.

Daga baya wani ɗan uwansa ya kai shi asibitin kutare na 'yan mishan, can nesa da gida. Ya yi shekaru yana haɗiyar ƙwayoyi har likita ya ce cutar ta mutu, ba zai shafa wa kowa ba. A can ya haɗu da Baiwa, wata mace mai kaifin baki daga wajen Kademi, wadda ita ma cutar ta taɓa mata ƙafa. A can aka yi musu baftisma, a can aka ɗaura musu aure, suka dawo Tudun Gawo tare. Sai dai maganar likita a asibiti ta tsaya. A idon mutanen gari kuturu kuturu ne, ko ya warke ko bai warke ba. Mai fura a kasuwar Gaya ta ci gaba da zuba masa a ƙoƙonsa daga sama, tana yi tana tambayarsa lafiyar iyali.

Ya shuka duma a jikin dangarsa, ya koyi fafe ƙwarya da guntayen yatsun nan, yana matse ta tsakanin gwiwoyi, Baiwa tana kankarewa. Da wannan suke ci. Abin dariya, in abin dariya ne, rabin gidajen yankin da ƙwaryar da ya fafe suke shan ruwa, amma ba wanda zai sha a bayansa.

Kiristocin Tudun Gawo ba su da yawa, 'yan gidaje ne ƙalilan. Majami'arsu ɗakin ƙasa ne da jinkar ciyawa, ƙararrawarsu wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin gawo. Fasto Bala, wani gajeren mutum mai sanyin murya, shi yake zuwa a kan keke ya yi musu sujada. Lahadin farko da aka yi Jibin Ubangiji, wato ci da shan da Kiristoci ke yi tare don tunawa da Ubangijinsu, bayan dawowar Inuwa, Fasto ya ɗaga ƙwarya ɗaya cike da zoɓo ya yi addu'a, ya miƙa wa na farkon layi. Inuwa ya sa hannu a aljihu ya zaro ƙoƙonsa, don ya san ƙa'ida.

Fasto Bala ya ce, "Mayar da shi aljihu, ɗan'uwa. A nan ƙwarya ɗaya ce."

Da ƙwaryar ta zo kansa, Inuwa ya sha. Na kusa da shi Gwadabe ne, abokin wasansa tun suna kiwon awaki. Gwadabe ya karɓi ƙwaryar ya kafa kai ya sha, ya miƙa gaba. Ran nan Inuwa bai iya tsayawa gaisawa ba. Ya bi bayan gonaki yana kuka kamar yaro, Baiwa na biye da shi tana cewa ya rufa musu asiri.

In gaskiya za a faɗa, Inuwa bai san Littafi Mai Tsarki sosai ba. Waƙoƙin sujada ma rabi yake kamawa, sauran ya cike da gunaguni. Bangaskiyarsa gaba ɗaya a kan ƙwaryar nan ta tsaya: akwai wuri ɗaya a duniya da mai lafiya yake sha a bayansa. Saboda ita ya zama shi ne mai share majami'a, mai kaɗa ƙarfe, mai gyara jinka kafin damina. Haka aka yi shekaru.

Sai ga annobar amai da gudawa, ba da daɗewa ba bayan yaƙin basasa. Ta shigo da damina. Mutum zai fita gona da safe da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, washegari a kai shi. Saƙo ya zo ta bakin dagaci cewa a dakatar da duk wani taro, na biki da na makoki. Fasto Bala ya zo ya ja ƙyauren majami'a ya ɗaure da igiya. A Tudun Gawo cutar ta fi yi wa gidan Gwadabe ɓarna. 'Ya'yansa biyu suka tafi a mako ɗaya, matarsa Lami ta tashi da ƙyar. Inuwa ne ya haƙa kaburburan, don a lokacin kowa gudun kowa yake yi, shi kuwa ya saba da a guje shi.

Damina ta yi nisa majami'a na rufe. Gara ta kama ƙyauren, ruwa ya zubar da kusurwar gabas. Wasu suka koma yanka wa tsafin kakanni kaza a ɓoye, kuma ba a ga laifinsu sosai ba. Inuwa kuwa kowace Lahadi sai ya je ya share ƙofar ɗakin da babu mai shiga, ya dawo ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi.

Da mace-macen suka ɗan lafa, Inuwa ya roƙi dagaci a buɗe majami'a, dagaci ya ce abin ba a hannunsa yake ba, sai dai duba-gari. Inuwa ya kama jakinsa ya nufi Gaya. Duba-garin, Malam Abdulsalam, mutum ne mai sauƙin kai, ya saurare shi har ya gama.

Ya ce, "Ba ni da ikon raba mutum da ibadarsa, amma cutar nan ba ta tafi ba, kwanciya ta yi. In za ku taru, ku taru a waje, kowane gida da tabarmarsa. Ruwan da za a sha a tafasa shi. Wanke hannu da sabulu, a zuba wa mutum da buta, ban da tsoma hannu a tasa ɗaya. Ban da musafaha."

"Duk za a yi, ranka ya daɗe."

"Kuma na ji an ce akwai abin da kuke sha a ƙwarya ɗaya, tana zagayawa."

Inuwa ya ce akwai.

"To wannan kam babu shi. Kowa da mazubinsa."

"Har yaushe, ranka ya daɗe?"

"Har cutar ta wuce."

Inuwa ya auna maganar a hanyar dawowa, ya ga ba ta da nauyi. Ciwo ai baƙo ne, zai tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tun a makon ya hau aiki. Ya tsinko ƙananan duma da suka bushe a danga, ya fafe ƙoƙuna daidai tafin hannu, ɗaya ga kowane mai baftisma. Baiwa tana hura wuta, shi yana ɗora ƙarfe mai zafi yana yi wa kowanne shaida don kada su cakuɗe: na Gwadabe ƙafar kaza, na Lami wata, na Fasto gicciye. Har da waƙa yake yi yana aikin.

Baiwa ta dube shi ta ce, "Maigida, kai da hannunka kake raba wa mutane ƙoƙo?"

Ya ce, "Na kwana biyu ne."

Aka buɗe sujada a gindin gawo. Tabarmi nesa da juna, tukunyar ruwa na tafasa a gefe, Baiwa riƙe da buta da sabulun salo tana tsare kowa, har Fasto sai da ta mayar da shi ya sake wankewa. Da aka zo Jibi, Fasto Bala ya bi tabarma tabarma yana tsiyaya zoɓon a ƙoƙon kowa daga sama. Inuwa ya ga yadda ruwan ke sauka, ya san wannan zubin, amma ya haɗiye abin da ya taso masa. Kuma dabarar ta yi aiki, wannan ba a musu. Daga ranar ba a sake binne kowa ba a cikin masu zuwa gindin gawon. Har dagaci ya riƙa ba da misali da su.

Annoba ta wuce. Aka yi girbi, aka gyara kusurwar da ta zube, aka koma cikin ɗaki, aka dawo da musafaha, aka daina tafasa ruwa. Buta da sabulu ma suka ɓace. Ƙoƙunan ne kawai ba su tafi ba. Kowace Lahadin Jibi sai ka ga kowa ya zaro nasa daga aljihu ko bakin zane. Inuwa yana ta zuba ido Fasto ya ce a ɗauko babbar ƙwarya, wadda ya wanke ya kife a kan danga tun tuni. Wata damina ta zo ta wuce, ba wanda ya tayar da maganar.

Ran nan bayan sujada, jama'a ba su watse ba, ya miƙe ya ce yana da magana. Ya ce duba-gari cewa ya yi har cutar ta wuce, ga shi ta wuce, yaushe za a koma ƙwarya ɗaya?

Fasto Bala ya sunkuyar da kai yana shafa bangon Littafinsa. Lami ce ta fara magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Baba Inuwa, kai ka binne mini 'ya'ya, ba zan manta ba. Amma ni bakina ba zai sake taɓa inda bakin wani ya taɓa ba, ko na waye. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake."

Wannan Inuwa ya fahimta, bai ji zafinta ba. Sai ya juya wajen Gwadabe, don shi ne shaidarsa. Ya ce, "Gwadabe, kai ka faɗa musu. Shekara nawa kana sha a bayana, me ya same ka?"

Da Gwadabe ya iya ƙarya, da ya yi wa abokinsa alheri. Amma mutum ne da bai iya ba, ga kuma ɗakin Allah.

Ya ce, "Babu abin da ya same ni. Na sha, kuma saboda Allah na sha. Amma Inuwa, ban taɓa sha ba sai na juya ƙwaryar, kuma ban taɓa komawa gida ba sai na kurkure baki. Ba ni kaɗai ba ne. Ka bar mu haka, kowa ya samu sauƙi."

Ba wanda ya ƙaryata shi. Abin da ya kashe wa Inuwa jiki ke nan, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai ce shi ba haka yake yi ba, bai samu ba. Fasto ya yi gyaran murya ya ce Ubangiji zuciya yake dubawa, ba mazubi ba, aka ce amin da sauri, aka tashi.

Inuwa bai bar majami'a ba. Ya ci gaba da shara da kaɗa ƙarfe har shekarun fari, lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Bai yi gaba da Gwadabe ba, suna gaisawa, suna ma zama tare a inuwar rumbu. Sai dai waƙar nan tasa ta gunaguni ba a sake jin ta ba. Kuma duk Lahadin Jibi, da an gama wa'azi sai ya fice ya zauna a gindin gawo. Mutane suka ce ƙafa ce ke damunsa, shi ma bai gyara musu ba.

Wata Lahadi Baiwa ta kasa daurewa. Aka zuba mata nata zoɓon, ta fito da shi tana ɗingishi, ta same shi a gindin bishiyar. Ta miƙa masa.

"Sha ka ba ni saura, Maigida. Ni ba zan juya ba."

Ya karɓa don kada ya kunyata ta, ya kurɓa, ya mayar mata. Ta kafa baki daidai inda ya sha ta shanye. Ya dube ta da tausayi, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Baiwa. Amma kuturu ya sha a bayan kuturu, wannan ai tun a asibiti muke yi."