Mai Ban Ruwan Furannin Manaja

A bakin kogin Challawa akwai wani fili mai farar tsakuwa, inda a da mata ke shanya wanki, belbelu na kiwo a gefe. Bara wani kamfanin fata ya zagaye shi da waya, ya kafa allo wai an keɓe wurin don tsuntsaye. Ta ƙarƙashin allon bututunsu ke aman baƙin ruwa.

Nan nake ganin wani tsoho. Dogo ne, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙaurinsa duk tabon ƙuraje. Kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka, irin ta wanda ya tsufa yana ɗaukar garwa. Ina zaton mai lambu ne, ta kan tsakuwar nan yake bi ya ɗebo ruwa kafin a toshe hanya, kogin ya ɓaci, latas ɗinsa ya ƙone.

Yana tara garwarsa inda baƙin ruwan ke biyowa ta wajen waya, ko hanci ba ya toshewa. Sai ya taka har ƙofar kamfanin, inda furannin manaja ke jere cikin tukwane. Yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana zuba musu a gindi, yadda gwani ke yi.

Wata rana maigadi ya taso da gudu. "Baba, lafiya? Za ku kashe su!"

Tsohon ya karkaɗe garwarsa. "Haba ɗana, ai manajanku da bakinsa ya ce mana ruwan nan ba ya cutar da shuka. Gobe ma ina tafe."

Ni dai Allah ya ƙara wa kafaɗar nan ƙarfi.