Kukan Fanka da Muryar Baba

Shekarar da soja suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanbil da ke haɗa Nijar da Benin, kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka yi jerin gwano a Gaya har ido ya gaji da gani. Wani direba da zaman jira ya ishe shi ya sayar mini da wata ƙatuwar ordinata, wato kwamfuta, da ya ɗauko daga Kwatano. Gefenta gilashi ne, ana hango fanka uku da ɗan famfon da ke zagaya ruwan sanyaya ta. Na kai ta shagona, inda nake haɗa bidiyon biki da na suna.

Aiki kam tana yi, sai dai kuka. Da ka kunna ta, fankokin nan za su tashi gaba ɗaya, har mai gasa kifi da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo wata rana yana tambaya ko injin niƙa na sayo.

A lokacin ne Baba ya zo daga Tunuga. Manomin shinkafa ne, ƙanwarsa kuma tana aure a hayin kogi, sun yi watanni ba su ga juna ba. Ya ce yana so in ɗauki muryarsa yana ba da labarin kakanninmu, a kai mata. Muka zauna ya yi magana mai tsawo. Da na maido masa, muryarsa ta nutse cikin gurnanin fanka. Ya sa hularsa ya tafi masallaci.

Matata ce ta fitar da ni kunya. Ta yi karatun ordinata a Doso kafin aurenmu, amma ban taɓa tunanin in tambaye ta ba. Washegari ta zo shago da goyo a bayanta, ta ture ni daga kujera, ta sa wa ordinatar wani lojisiyal, wato manhaja. Sai ga zafin injin ya bayyana a allo, ga gudun kowace fanka, ga na famfon. Ta nuna mana wani layi da ake ja: in sanyi ne fanka ta yi lumfashi a hankali, in zafi ya hau ta ƙara gudu. Ta ja shi ƙasa. Shagon ya yi tsit, har muka ji kurciya a kan bishiyar bedin da ke waje.

Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na ce a rage famfon shi ma. Baba, wanda yake tsaye a bayanmu tun ɗazu, ya tambayi mene ne aikinsa. Da ta bayyana masa, sai ya girgiza kai.

“A'a, ɗiyata, kada ki biye masa. Iska a rage ta, amma ruwa a bar shi ya yi ta tafiya. Shekara nawa ina ban ruwa, ban ga inda tsayayyen ruwa ya yi amfani ba.”

Ta yi dariya ta ce, “Baba, abin da malaminmu ya koya mana ke nan.”

Ranar Baba ya zauna gaban makirfo tun hantsi har azahar. Ya faɗi yadda kakansa ya sauko kogi da jirgi ɗaya da tukunya biyu, ya yi waƙar masunta da Dandanci, ya manta baiti ɗaya, ya tsaya ya yi wa kansa dariya. Sau biyu zafi ya hau, fanka ta ɗan ɗaga murya, shi da kansa yake dakatawa ya ce a bar ta ta sha iska.

Wani mai kwale-kwale ne ya ƙetara da ɗan katin memorin da muka zuba muryar a ciki. Bayan kwana uku ya dawo da ƙullin gari da man ja, da saƙon Gwaggo: ta saurara sau huɗu, baitin da Baba ya manta tana da shi, kuma tukwanen uku ne, ba biyu ba. Baba ya ce sam, ya sa aka sake kunna makirfo don ya ba ta amsa.