Haris, Ka Tafi Ba Ka Nuna Mini Koren Hasken Nan Ba

Shekara tara ina jiran ka nuna mini abu ɗaya, Haris, kullum sai ka ce, "Baba Mala, sai na dawo." Ranar Laraba, ashirin ga Agusta, ina ɗinkin birgi a bakin ruwa a Guri, aka zo aka ce ka rasu a Kano. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni wan mahaifinka ne. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na hana a gyara mini magana.

Ranar sunan 'yarka, gaban mutum talatin, aka tambaye ka aikinka a jami'a. Ka ce da haske kake kama wasu 'yan ƙwayoyi da ƙura ma ta fi su girma, hasken ya riƙe ƙwaya ɗaya cak, ko motsi. Wai hasken da ido ba ya gani ne ke shigarta, ya fito kore shar. Ni na shekara hamsin ina su. Fitila takan jawo kifi, amma ban taɓa ganin ta riƙe shi ba. Kuma a wurinmu masunta, kifin da ba ka ɗaga an gani ba, ba ka kama shi ba. Na ce ɗaga mana. Ka ce ba ya ɗaguwa. Sai na ce maka maƙaryaci, a gaban surukanka.

Ba ka rama ba. Shekarar da ambaliya ta ci gidana, kai ka zo da kwalekwale ka kwashe mu zuwa Haɗeja. Da yana ta rufe mini ido, kai ka kai ni aka cire. Idon na warkewa ka miƙo mini waya da hoton abin, ɗigon kore a cikin baƙi. Na ture hannunka, na ce hoto ba kifi ba ne.

Tun ranar jana'iza na kasa zama wuri ɗaya. Kalmar nan ce ke bi na.

Allah ya jiƙanka, ɗana, ya haskaka kabarinka. Allah ya ba matarka Bushira haƙuri, ya raya abin da ka bari.

Ku kuma abokan aikinsa da kuka zo gaisuwa kuka koma, na tambaye ku, kuka ce abin da wuyar bayani. Ban yarda ba. In gaskiya ya faɗa, akwai mutum talatin da zan bi gida gida in janye maganata, huɗu har sun mutu, ni ma na haura tamanin. Wani ya zo ya kai ni ɗakin da yake aikin nan a jami'a in gani da idona. Haske yana riƙe abu, ko ba ya riƙewa? Ku ba ni amsa.